Garau-garau: me ya sa wake ke ƙin nuna, shinkafa kuma ta caɓe?

Wata amarya da ba ta daɗe da tarewa ba ce ta turo wannan tambaya: "Anti, maigidana mai son garau-garau ne, amma duk ranar da na ɗora sai na ji kunya. Ko dai waken ya fito da tauri, ko kuma in na tsaya jiran sa ya nuna shinkafar ta caɓe ta zama tuwo. Na gwada ƙara kanwa, sai abincin ya yi duhu yana ɗaci. Ga kumburin ciki bayan an ci. Ina matsalar take?"

Ƙanwata, ki kwantar da hankalinki, ba hannunki ne ba shi da kyau ba. Abu biyu kike haɗawa a tukunya guda alhali lokacin nunarsu ba ɗaya ba ne. Shinkafa tana gamawa cikin minti 20 zuwa 25. Wake kuwa, in ba a jiƙa shi ba, yana iya cin minti 45, yana iya cin awa ɗaya da rabi, ya danganta da shekarunsa da ruwan da aka dafa shi da shi. Don haka tukunyar garau-garau ta wake ce, shi ake bi. Shinkafa ba ta shiga sai wake ya kusa gamawa, kuma a lokacin da za ta shiga ne ake auna ruwa, ba tun farkon ɗora tukunya ba. Duk sauran bayanin da zan yi a kan wannan ya ginu.

Mu fara daga kasuwa, don sau da yawa tun daga can girkin yake lalacewa. Waken da aka girbe da kaka, wajen Oktoba zuwa Disamba, in kika saye shi a cikin hunturu, da kansa yake nuna, ko kanwa ba ya nema. Amma wannan waken in ya kai damina a rumbu ko a shago, ya sha zafin bazara, sannan ya shaƙi laimar Yuli da Agusta, to ya zama wani abu dabam. Zafi da laima suna sa sinadarin da ke liƙe ƙwayoyin cikin wake ya ƙara ƙarfi, ya ƙi narkewa a ruwan zafi. Shi ya sa za ki ga mace ta yi girkinta yadda ta saba, da tukunyarta da murhunta, amma da damina waken ya gagare ta, ta yi ta zargin kanta. In za ki saya, ki ɗauki ƙwaya ɗaya ki gartsa. Sabon wake yana fashewa ba da wahala ba, cikinsa fari tas. Tsoho yana da taurin gaske, fatarsa ta dushe ko ta fara yamutsewa. Ki kuma lura kada mai awo ya ba ki gauraye, sabo da tsoho, ko manya da ƙanana a mudu ɗaya, domin rabi zai narke rabi yana nan da ransa, kuma babu dabarar da ke gyara wannan. Ni dai a garau-garau na fi son farin wake mai manyan ƙwaya irin kananado, saboda yana nuna ya yi laushi ba tare da ya watse ba. Jan wake ya fi zaƙi kuma yana ba abincin launi, sai dai yana saurin narkewa, sai an sa masa ido.

Akwai kuma maganar magani, wadda ba na so in tsallake. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, Nijar na biye da ita, amma ƙwaro yana cin wake a ajiya sosai, shi ya sa wasu masu ajiya suke zuba masa maganin ƙwari irin su fiya-fiya, wanda ba a yi shi don abinci ba. Wannan ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya a 2015. Ki ɗebi waken a tafin hannu ki shinshina. In kika ji wari mai kama da na kalanzir ko na maganin sauro, ki bar shi komai arharsa. Gara wake mai 'yan huji kaɗan da za ki tsince da mai warin magani. Tafasawa a zubar da ruwan farko tana rage abin da ke jikin fata, amma kada ki ɗauka tana wanke komai.

In kin kawo gida, ki baza a faranti ki tsince tsakuwa, da ɓawo, da masu huji. Ki zuba a ruwa, duk wanda ya taso sama ki kwashe ki zubar, ƙwaro ya cinye cikinsa. Sai ki jiƙa. Na san a gidaje da yawa ba a jiƙa waken garau-garau, ana wankewa ne kawai a watsa a tukunya, kuma da sabon wake hakan ba laifi. Amma da tsoho, jiƙon awa 4 zuwa 6 yana rage lokacin dahuwa sosai, ga tsadar gas da gawayi yanzu. In kin manta ba ki jiƙa da safe ba, ki tafasa ruwa ki zuba masa, ki rufe awa ɗaya, ya wadatar. Abin da za ki kiyaye shi ne zafin garinmu: wake in ya kwana a ruwa lokacin bazara yana iya wayar gari da kumfa da tsami, kuma waken da ya yi tsami ya fi wuyar nuna. In jiƙon kwana za ki yi, ki sa a firji ko wuri mai sanyi. Kada kuma ki murza shi da ƙarfi bayan ya jiƙu, fatar za ta fita, ba alala za ki yi ba.

Yanzu awo. Ga mutum 3 zuwa 4, gwangwanin madara ɗaya na wake da gwangwani 2 na shinkafa. Masu son wake ya yi yawa suna yin ɗaya da rabi a kan biyu. Ki tuna wake yana kumbura ya ninka fiye da sau biyu, don haka abin da kike gani kaɗan a busashe ba kaɗan ba ne a faranti.

Ki ɗora waken da ruwan da ya shanye kansa sosai, ya tafasa kamar minti 10, ki juye a kwando ki tsane, ki mayar da shi tukunya da sabon ruwa mai zafi, gwangwani 5 ko 6. Na ce mai zafi da gangan. Duk lokacin da za ki ƙara ruwa a wannan girki, ya kasance kina da tafasasshe a gefe. Ruwan sanyi yana katse tafasa, ki ɓata minti biyar kafin tukunya ta dawo hayyacinta, fatar waken kuma ta tsattsage.

A nan ne abubuwa guda uku suke yanke hukunci a kan waken: irin ruwanki, tsami, da kanwa.

Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da yawa yana da nauyi, wato yana ɗauke da sinadarin alli. Za ki gane shi in sabulu ba ya kumfa da kyau, ko in kina ganin farin abu yana manne a gindin butar shayi. Wannan allin yana kama jikin wake ya ƙara ɗaure shi. In irin ruwan unguwarku ke nan, ki gwada dafa waken da ruwan leda ko ruwan sama mai tsabta sau ɗaya, za ki ga bambanci. Tsami ma haka yake yi, har ya fi. Tumatir, musamman na gwangwani, da tsamiya, da lemon tsami, duk in suka shiga tukunya kafin wake ya nuna, to ya tsaya ke nan, ko awa nawa za ki ƙara. Wannan ce ke kayar da masu dafa-dukan shinkafa da wake: su soya kayan miya, su tsaida ruwa, su zuba ɗanyen wake a ciki. A dafa-duka ma sai an dafa waken dabam ya yi laushi kafin ya ga tumatir. Gishiri kuwa an daɗe ana ɗora masa laifin da ba nasa ba. Gishiri daidai misali ba ya hana wake nuna, hasali ma in kika sa ɗan kaɗan a ruwan jiƙo yana taimaka wa fatar ta yi laushi. Ni ina zuba nawa tun wake yana tsakiyar dahuwa, don ya ratsa cikinsa. Waken da aka sa wa gishiri a ƙarshe salam yake a ciki, ko da yaji ya ji.

Sai kanwa, wadda ita ce ta ɓata miki abinci. Aikinta kishiyar na tsami ne: tana sassauta abin da ke riƙe jikin wake, ya nuna da wuri, kuma ita ke ba garau-garau wannan jan launi da ƙamshin da muka saba da shi tun muna yara. Amma tana da iyaka. In ta yi yawa, bayan waken yana narkewa ya yi santsi tun cikinsa bai nuna ba, ruwan ya yi kauri ya yi duhu, shinkafa ta shiga ta sha wannan ruwan ta caɓe, ga ɗaci, ga ɓacin ciki. Ga gwangwani ɗaya na wake, kanwa kamar girman ƙwayar gyaɗa ta isa, in ungurnu ce mai ƙarfi ma ƙasa da haka. Kuma ba a jefa ta a dunƙule. Ki jiƙa ta a ɗan kofi, ta narke, ki bari yashin ya kwanta, ki tsiyaye ruwan sama ki zuba. Ƙasar da mutane ke taunawa a garau-garau su zagi shinkafa, sau da yawa ta kanwa ce. In ba ki da kanwa, bakar soda kamar kwatan ƙaramin cokali tana yin aikin. Abu biyu kuma ya kamata ki sani. Kanwa tana lalata wani ɓangare na bitamin B1 da ke cikin wake, kuma tana ɗauke da sinadarin nan na gishiri da ake hana masu hawan jini. In a gidanku akwai mai hawan jini, ko ciwon zuciya ko na ƙoda, ko mai jego, gara ki jiƙa wake da kyau ki bar kanwar. Albasa guda da aka yanka aka jefa a tukunya tana ƙara ɗanɗano, amma kada ki yarda da masu cewa tana maye gurbin kanwa wajen saurin nuna, haka ma masu jefa cokalin ƙarfe a tukunya. 'Yan'uwanmu na zango a Gana, da suke yin tasu shinkafa da waken, da karan dafi suke samun jan launi, don haka in launi kike nema ba sai kin cika kanwa ba.

To yaushe shinkafa za ta shiga? Ki ɗebo ƙwaya 3 ko 4, ba ɗaya ba, ki matse tsakanin yatsu. In ta fashe ta rabu biyu da farin gari mai tauri a tsakiya, da saura. In ta murƙushe amma kina jin ɗan ƙarfi kaɗan a ciki, fatar kuma tana nan ba ta watse ba, lokaci ya yi. In ta narke gaba ɗaya ba tare da kin sa ƙarfi ba, kin ɗan makara, sai ki rage wuta sosai bayan zuba shinkafa kuma kada ki juya. Kuskuren da ya fi yawa shi ne gaggawa, a zuba shinkafa da tunanin za su ƙarasa tare. Ba sa ƙarasawa. Da zarar shinkafa ta shiga sai ta shanye ruwan, waken ya rasa abin da zai dahu a ciki, sai ki ƙara ruwa saboda shi, shinkafar kuma ta sha ta caɓe. Abin da ke faruwa a tukunyarki ke nan.

Irin shinkafar ma yana da nasa. Garau-garau na son shinkafar da aka turara tun tana cikin ɓawo, wadda ake kira gumi, ko ta kamfani mai dogon jiki. Turarawar tana sa ƙwayar ta yi ƙarfi, ta nuna warwar. Farar shinkafa ta tuwo ba ta wannan aikin ba ce, ko me kika yi sai ta haɗe. In 'yar gida ce daga irin su Kura ko Haɗejiya ko Kabi, wadda ba ta bi ta injin cire tsakuwa ba, sai kin rege ta a ƙwarya a hankali, kuma sabuwarta ba ta son ruwa da yawa kamar wadda ta daɗe. Ki wanke har ruwan ya daina fari, ki tsane ta sosai kafin ki zuba.

Bayan kin zuba, ki juya sau ɗaya don su gauraya, ki daidaita saman, sannan ki duba ruwa. Ya hau kan shinkafa da kamar gaɓar yatsa ɗaya, kada ya wuce. In ya fi haka, ki kwashe rarar da ludayi ki ajiye a kofi. Kada ki zubar, in tukunya ta nema shi za ki mayar, ya fi ruwa zalla daɗi. Ƙarancin ruwa yana da gyara, yawansa kuwa in shinkafa ta riga ta caɓe ba shi da shi. Ki ɗanɗana gishiri a ruwan. Ki bari ya tafasa a wuta mai ƙarfi har ki ga ruwa ya ja ƙasa, ramuka sun fito a saman shinkafa. Daga nan ki mayar da wuta can ƙasa, in itace ne ki zare, ki bar garwashi, ki rufe ruf. Minti 12 zuwa 15 kada ki buɗe, kada ki juya. Yawan juyawa yana farfasa wake ya fito da garinsa ya liƙe komai. In murfin tukunyarki ba ya kamawa, ki shimfiɗa tsabtataccen ƙyalle ko takardar foyil a ƙarƙashinsa. Leda da wasu ke rufawa a kan abinci mai zafi ba na ba da shawararta. In kin sauke, ki bar ta a rufe minti 5 zuwa 10 kafin ki buɗe ki barbaza da cokali mai yatsu. Wannan hutun ne ke sa ƙwayoyin su saki juna.

In kin buɗe kika ga shinkafa da sauran tsakiya ruwa kuma ya ƙare, ki yayyafa ruwan zafi kamar rabin kofi, ki rufe, ki ba ta minti 5. In ruwa ne ya yi yawa tun ba ta caɓe ba, ki juye a kwando ki tsane, ki mayar tukunya ki turara. In kuwa shinkafa ta nuna wake yana da tauri, gaskiya babu abin da zai mayar da shi daidai, sai dai ki yayyafa ruwa kaɗan ki turara a wuta mara ƙarfi, ki karɓi abin da ya samu. Kuma har hannunki ya faɗa, ba abin kunya ba ne ki dafa kowanne a tukunyarsa, wake ya nuna sarai, ki dafa shinkafar da ruwan waken don ta ɗauki launi da ɗanɗano, sannan ki haɗa su ki turara minti 5. Masu girkin taro da yawa haka suke yi, don ba wanda zai yi caca da kwano goma na shinkafa ranar biki.

Mai da yaji su ne rabin garau-garau. Man gyaɗa na ainihi, wanda ake samu wurin masu ƙuli-ƙuli, ki soya shi da albasa har ta yi ja, ba baƙi ba. In manja ne, ki ɗan soya shi da albasa ya saki ɗanyen warinsa, amma kada ki bari ya yi ta hayaƙi har ya koɗe. Yajin kuma ki daka naki: busasshen barkono, citta, masoro, ɗan kanumfari, gishiri da dunƙule, in kina so da ƙuli-ƙuli kaɗan ya rage masa zafi. A kai ki yanka latas ko kabeji, tumatir, albasa da gurji, in da hali soyayyen kifi ko dafaffen ƙwai. Ɗanyen tumatir da ɗan lemon tsami a faranti suna da amfani na gaske, suna taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarin jini da ke cikin wake. Ko babu nama, wannan haɗi abinci ne mai gina jiki, domin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen wake furotin ne, kuma abin da furotin ɗin shinkafa ya gaza a kai wake yana da shi, abin da wake ya gaza shinkafa tana cikewa.

Kumburin ciki kuwa daga wani nau'in sukari ne da ke cikin wake, wanda cikin ɗan'adam ba ya iya narkarwa, sai ya wuce babban hanji ƙwayoyin halittar da ke can su cinye shi su fitar da iska. Wannan sukarin yana narkewa a ruwa, don haka zubar da ruwan jiƙo da ruwan tafasar farko yana rage shi. Waken da bai nuna sosai ba ya fi kumbura ciki, kanwa mai yawa kuma tana ƙara nata ɓacin cikin, kin ga ke duka biyun suka haɗu miki. Ciki yana sabawa in ana ci a kai a kai. Amma in wani yana samun ciwon ciki mai tsanani ko gudawa duk lokacin da ya ci wake ko da ya nuna sarai, wannan na asibiti ne.

Ragowa kada ta wuni a tukunya ko a kular da ta huce. Shinkafa tana ɗauke da wata ƙwayar cuta da tafasa ba ta kashe 'ya'yanta, in abinci ya zauna da ɗumi-ɗumi sai su farfaɗo su saki dafi, kuma ɗumame ba ya kashe dafin. Wake ma ga shi da saurin lalacewa. Cikin awa 2 da saukewa ki juye a faffaɗan mazubi ya huce ki sa a firji. In babu wuta a unguwarku, ki dafa daidai cinku.

In gas kike tausayi, ki dafa waken mako guda a lokaci ɗaya har matakin nan da na ce na zuba shinkafa, ki raba a robobi da ruwansa ki sa a firiza, duk ranar da kike so ki ɗauko ɗaya ki tafasa ki zuba shinkafa, cikin rabin awa kin gama. Tukunyar nan mai matse tururi ma tana dafa wake cikin minti 10 zuwa 15 daga lokacin da ta fara huci, sai dai kada ki cika ta fiye da rabi, domin kumfar wake tana toshe hancinta.

Tunda sabon wake ya fi arha da kaka, ki sayi naki a lokacin ki ajiye da kanki, kin huta da fargabar magani. Ki shanya shi a rana ya bushe ƙarau, ya huce, ki ɗura a busasshiyar jarka mai murfi da ba a taɓa zuba fetur ko kalanzir a ciki ba, ki cika ta har baki, ki ɗaure murfin da leda yadda iska ba za ta shiga ba. Ƙwaron da ke ciki iska za ta ƙare masa ya mutu. In buhu guda ne, akwai buhun nan mai ninki uku na PICS da ake sayarwa wurin masu kayan noma, shi ma da hana iska yake aiki. Ki ajiye a ɗaki mafi sanyi a gidan, nesa da murhu da kwanon rufi, saboda zafin da ke taurara wake a shagon ɗan kasuwa zai taurara shi a kicin ɗinki ma. Na amfanin yau da kullum ki ware shi a ƙaramar roba, kada ki riƙa buɗe babbar jarkar kowace rana.